Direban Unguwa

Ba a zuwa zance da wagon. Babu littafin da aka rubuta wannan doka a ciki, amma duk saurayin Kaduna ya san da ita. In za a je gaida surukai, salun ake arowa a wanke ta tas. In kuwa kayan lefe za a kai, ko mai naƙuda za a garzaya da ita asibiti da tsakar dare, sai a tuna da mai wagon. Wani sa'in kamfani ɗaya ne ya ƙera su, inji ɗaya, fitilu ɗaya, amma ɗaya ta fita kunya ce, ɗayar ta wahala.

Bambancin duk a baya yake. Salun tana da but rufaffe mai murfinsa daban, an raba shi da inda mutane ke zama; abin da ya shiga ya shiga, abin da ya ƙi shiga sai haƙuri. Wagon rufinta ne ya miƙe har ƙarshe, ƙofar bayanta ta ɗaga sama gaba ɗaya, in ka kwantar da kujerun baya har katifa sai ta shige. Ta ukun ita ce guntuwa mai datsattsen baya, irin Golf ko Fijo 206: tana da ƙofar baya kamar wagon, sai dai ba ta da tsawonta. Golf ɗin farko a 1974 ya fito, shekara guda bayan tsadar man fetur ta girgiza Turai, kuma har yau abin da ake so a jikin irin waɗannan ke nan, ba su shan mai kuma ko lungu ne sai su samu wurin tsayawa.

Mu da muka tashi a garin nan mun ga yadda aka raba wa motocin nan rabo tun daga ƙofar masana'anta. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri. Fijo 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta daɗe da barin kasuwar Turai amma a nan ana ta haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce manya su rage ƙawa, 504 ta zama motar hukuma. Sai salun ɗin ta tafi sakatariya, da direba a gaba da babban sakatare a baya yana karanta New Nigerian. Ita kuwa wagon mai jeri uku na kujeru ta nufi tasha, tana jigilar Kano, Jos da Sakkwato, buhun masara a baya, kaji a ƙarƙashin ƙafa. Tun daga lokacin ido ya saba: mai salun an ɗauke shi, mai wagon shi ke ɗaukar mutane. Golf mai dogon baya da ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Zariya yau gadon wannan matsayi ta ci.

Abin da ya sa nake wannan dogon tunani shi ne ƙanena. Ma'aikaci ne, ya daɗe yana adashi, kuɗi suka taru daidai na mota 'yar Kwatano. A gidansa akwai shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, ga Inna mahaifiyarmu da ke zaune wurinsa, ga ƙanwar matarsa da ke karatu. Duk wanda ya iya ƙirga ya san waɗanda suka zana mota mai kujera biyar ba irin gidansa suke hange ba. Uba da uwa da yara biyu ko uku suka sa a rai. Na ce masa ya nemi wagon, ko ma Sharan mai ɗaukar bakwai in kuɗin za su kai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ni fa gaskiya ba zan zama direban unguwa ba. Ranar da na ajiye wagon a ƙofar gidan nan, na gama barci. Biki ni, suna ni, gawa ni. In salun ce, ko an zo sai in ce a duba a gani, ba za ta ɗauka ba."

Na ji daɗin da bai ɓoye ba. Mutane da yawa wannan ne dalilinsu, sai su fake da maganar kayan gyara ko shan mai. Amma maganar ta tsaya mini, domin tambaya ce ta addini ko da shi bai ɗauke ta haka ba: ya halatta mutum ya zaɓi abu da gangan don kada ya samu rarar da za a roƙe shi?

Tun farko dai babu mai cewa son mota mai kyau laifi ne. Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'adu bin Abi Waƙƙas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, tare da mace tagari da gida mai yalwa da maƙwabci nagari. A Suratun Nahli, aya ta 8, da aka ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, an faɗi amfani biyu ne, hawa da ado. Ke nan ado ma ni'ima ce da aka yi mana gori da ita. Wanda ya ga salun ta fi masa kyau a ido bai saɓa wa kowa ba, kuma masu wa'azin da ke ganin duk mai mota mai sheƙi ɗan wuta ne su nemi wata hujjar.

Sai dai akwai wani hadisin, a Sahihu Muslim, daga Abu Sa'idil Khudri, wanda ba a cika karanta shi a wurin walimar sabuwar mota ba. Suna cikin tafiya sai wani mutum ya iso a kan raƙumarsa yana ta waige-waige dama da hagu. Annabi ya umarci duk mai rarar abin hawa ya ba wanda ba shi da shi, mai rarar guzuri ma haka, ya yi ta ambaton nau'o'in dukiya har sahabbai suka ga kamar babu wanda ke da haƙƙi a cikin abin da ya yi masa rara. Imamu Nawawi da ya zo sharhin hadisin ya lura da wani abu: mutumin bai buɗi baki ya roƙa ba, halinsa kawai aka gani, kuma hakan ya isa. Duk wanda ya taɓa bi ta Kawo da ƙarfe bakwai na safe ya san wannan waige-waigen. Ma'aikata ne da 'yan makaranta jere a bakin titi, babu mai ɗaga maka hannu, sai dai su bi motarka da kallo, su ƙirga kujerun da babu kowa a kai.

Shi kansa Annabi ba ya ƙyamar goyo a bayan dabbarsa. Ya goya Mu'azu bin Jabal a kan jaki. A hajjin bankwana ya goya Usama bin Zaidu daga Arfa zuwa Muzdalifa, ya goya Fadlu bin Abbas daga nan zuwa Mina. A tafiyar Badar, shekara ta 2 bayan hijira, mutum ɗari uku da 'yan kai ne da raƙuma wajen saba'in, ana karɓa-karɓa, shi ma yana sauka ya taka in layinsa ya zo. Shugaban da ya fi kowa daraja bai ɗauki zama shi kaɗai a kan abin hawa alamar girma ba. Mu kuwa a wurinmu girma shi ne ka hakimce a kujerar baya ta dama, sauran wurin duk iska.

Da wannan na je wurin malaminmu da muke karatun Risala a zaurensa bayan sallar asuba. Na zo da ƙiyasina a shirye. A babin zakka, Ibn Abi Zaid ya kawo hukuncin masu haɗa garke ko raba shi don gudun zakka. Misalin da Imamu Malik ya bayar a Muwaɗɗa sananne ne: mutum uku kowa da tumaki arba'in, a kan kowannensu akwai tunkiya ɗaya, sai su haɗa su zama ɗari da ashirin in mai karɓar zakka ya kusa zuwa, don su ba da ɗaya tak maimakon uku. A mazhabarmu wannan dabara ba ta tsirar da su. Da halinsu na farko za a kama su. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wanda ya sayi ƙaramar mota don gudun ɗaukar mutane, ba shi ne mai gudun zakka ba?"

Malam ya yi dariya har ya ajiye littafin. Ya ce ƙiyasin ya karye tun daga tushe. Masu tumakin nan dukiyar tana hannunsu, haƙƙi ya kusa rataya a kanta, suka yi wayo. Motar da ba a saya ba kuwa babu haƙƙin kowa a cikinta. Ya tuna mini ƙa'idar usulu: ba a wajabta wa mutum ya nemo abin da zai sa wajibi ya hau kansa. Ba a ce lallai ka tara dukiya har ta kai nisabi don zakka ta kama ka, ba a ce lallai ka tara guzuri don hajji ya wajaba a kanka. Ya ƙara da cewa malamai da yawa sun ɗauki hadisin Abu Sa'id a matsayin kwaɗaitarwa, sai fa in an kai ga halin da rai zai salwanta, nan kam taimako dole ne ko a kan keke kake. "Ka bar yaro ya sayi motarsa," in ji shi.

Na karɓi hukuncin, kuma har yanzu ina ganin daidai ne. Amma fiƙihu iyakar halal da haram yake shata maka. Bai ce duk abin da ke cikin iyakar darajarsa ɗaya ba. Abin da ya rage mini shi ne wannan: sayen mota ba shawara ɗaya ba ce. Mutum a wuni guda, a filin dillalai, yana amsa tambayoyin da za a yi masa cikin shekara goma masu zuwa, tun kafin masu tambayar su zo. Kakanninmu in za su gina gida, da zaure suke farawa, kuma wanda ya gina zaure ya riga ya amsa wa baƙon da bai taɓa gani ba. Mu yanzu sai katanga da get da ƙararrawa. Mai irin wannan gida bai kori kowa ba, ba zai taɓa buƙatar ya kori kowa ba, domin ginin ya ɗauke masa wannan aikin. Salun ɗin ƙanena haka take so ta zame masa: ta riƙa cewa a'a a madadinsa, shi kuma fuskarsa ta zauna da fara'a. Abin da ke ba ni tsoro a nan ba rowa ba ce, don shi ba marowaci ba ne. Tsorona mutum ya tsara rayuwarsa yadda ba za a ƙara jarraba shi ba, sannan ya ɗauka ya ci jarrabawar.

To amma kada in cika baki, domin na san direban unguwa na gaske, a layinmu yake. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, da aka rufe masaƙun Kakuri ya fito da 'yar Fijo 505 wagon ɗinsa, ita ce kaɗai abin da ya tsira da shi. Babu gidan da motar nan ba ta yi wa rana ba a layin. Ta kai amare, ta ɗauko gawa daga asibiti, ta kai masu jinya, ta ɗauko siminti. A masallaci kowa yabonsa yake. Abin da ba a ji a masallaci shi ne abin da matarsa ke faɗa wa matata: sau da yawa 'ya'yanta a ƙafa suke tafiya Islamiyya cikin ruwan sama saboda an tafi da motar ɗauko kujerun bikin wani, ranar da ita kanta za ta je awo, a-daidaita-sahu ta hau. Hadisin da ya ce a fara da wanda ake ciyarwa yana nan a Bukhari, bai gaza na Abu Sa'id inganci ba. Alherin da ake yi wa waje da haƙƙin na cikin gida, ban tabbata sunansa alheri ba. Kuma akwai wani daɗi da mutum ke ji in an ce unguwa ba ta iya yi sai da shi. Wannan daɗin ma abin tuhuma ne, kamar yadda daɗin a gan ka a salun mai baƙin gilashi yake abin tuhuma. Riya ba ta zaɓen ƙirar mota.

Ga kuma lissafi, wanda masu yabo ba sa yi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira ɗari biyu ba a farashin hukuma. Da aka cire tallafi ta haura ɗari biyar cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. "Don Allah ɗan miƙa mu Rigasa" na da da na yanzu ba kuɗinsu ɗaya ba. Kaya masu nauyi suna cin ƙafar mota, su kwantar da bayanta, su cinye taya, mai ita ne kuma zai je Fanteka shi kaɗai ya yi ciniki. Ban da wannan, yalwar wuri tana jawo lodin da ya wuce ƙima. Mun sha ganin mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, yara a cikin but ƙafafu na reto. Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shaɗibi da sauran malaman usulu suka ce shari'a ta zo ta tsare, yana gaba da kiyaye zumunci da jin kunyar maƙwabci. Mai motar da ya ce mutum biyar zan ɗauka ba ƙari, ko ran wani ya ɓaci, ya fi kusa da manufar shari'a fiye da wanda ya cusa goma don kada a ce ya yi wulaƙanci. Ba na kuma zargin wanda ya ƙi tsayawa wa baƙuwar fuska a hanyar Abuja da yamma, bayan abin da hanyar nan ta gani a shekarun baya.

Guntuwar mota kuwa ban ga abin tuhuma a jikinta ba ko kaɗan. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta sayi 206 don ta kai 'ya'yanta makaranta ta wuce aiki, ba gudun kowa take ba, iya ƙarfinta ke nan. Abin mamaki ma, in aka kwantar da kujerunta takan haɗiye keken ɗinki ko ƙaramin janareta da salun mai tsada za ta ƙi. Ina jin shi ya sa Pontiac Vibe ta samu karɓuwa haka a Arewa, alhali tun 2009 aka daina ƙera ta a Amurka: injin Toyota ne a cikinta, ba ta kai wagon tsawo ba balle a kira ka ɗan tasha, amma bayanta a buɗe yake. Mutanenmu sun samo wa kansu tsaka-tsaki ba tare da sun tambayi malami ba.

Akwai abin da nakan tuna game da Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu. Ana tsakiyar jihadi, wajen 1807, ya bar jama'a ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Cikin abubuwan da suka ɓata masa rai, kamar yadda ya bayyana a Tazyinul Waraƙati, har da yadda wasu suka koma tara tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a cikin gari. Ba doki ya tsana ba, shi da ya yi yaƙi a kan doki. Abin da ya dame shi dabbar da aka tanada don ɗaukar nauyin jama'a ta koma abin nuna wa jama'a. Da zai ga jerin gwanon motocin da ke rufe titin Ahmadu Bello ranar ɗaurin auren 'yar wani babba, kowace da mutum ɗaya a ciki, ba sai an yi masa tafinta ba.

Inda na tsaya shi ne, ba kowa ne aka ɗora wa ya zama mai wagon ba, amma unguwa ba ta rayuwa sai da shi. Ba fatawa nake bayarwa ba, sai dai abin ya yi mini kama da farillar da in wasu suka tsaya mata ta faɗi a kan saura, irin wankan gawa da sallarta. Abin da muke mantawa shi ne, wanda aka ɗauke wa nauyi bai zama bare ga nauyin ba. In maƙwabcinmu mai 505 ne ya sa sauranmu muka samu sukunin sayen abin da ranmu ke so, to akwai bashinsa a kanmu, kuma "Allah ya saka da alheri" ba ta sayen taya. Mutum goma masu salun a layi ɗaya, in suka ga dama, sun isa su riƙe motar nan a kan ƙafarta, su ma ajiye wani abu don ranar da matarsa za ta buƙaci mota alhali tana wurin hidimar wani.

Ƙanena dai Corolla salun ya saya, ruwan toka, kuma tana da kyau. Kullum da safe yana cika ta da yaran layinsu zuwa makaranta, abin da bai ce zai yi ba. Da babbar Sallah ta zo ya sayi ragonsa a Zango, aka yi juyin duniya ragon nan ya ƙi shiga but, dole ya kira maƙwabcin namu. Da aka sauke ragon ya ce a tsaya gidan mai, ya zuba masa rabin tanki. Dattijon ya yi ta rantsuwa ba zai karɓa ba, wai ai an zama ɗaya, sai da na sa baki na ce, "Baba, ba kai aka ba ba, motar aka ba." Maganar haɗa kuɗin taya kuwa na kawo ta a taron layi na wata-wata, mutum huɗu suka amsa, sauran suka ce a bari sai an yi albashi.